Yadda Faɗuwar Abu Ke Sauya Siffa Daga Mahanga Zuwa Mahanga

Idan aka saki abu daga sama, hanyar da zai bi zuwa ƙasa ba ta da siffa guda wadda kowa zai gani. Wani zai auna ya ce miƙaƙƙen layi ne, wani ya ce lanƙwasa ce, wani ma ya ce abin bai gusa daga inda yake ba, kuma yana yiwuwa dukkansu su yi gaskiya. Dalili shi ne ba a iya auna motsi sai an jingina shi da wani abu da aka ɗauka a matsayin tsayayye. Wannan abin jingina, haɗe da ma'aunin tsawo da agogon da ake aiki da su, shi ake kira mahangar awo. Daɓen ɗaki mahanga ce, taragon jirgin ƙasa mahanga ce, haka jirgin sama, haka Rana. Aikin kimiyyar fiziks a nan shi ne ta fayyace abin da ke sauyawa idan aka sauya mahanga, da abin da ke nan daram, da dalilin hakan.

Faɗuwa a mahangar ƙasa

Mahangar da kowa ya saba da ita ita ce ƙasar da ake takawa. A nan, abin da aka saki yana gangarowa a miƙe, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Bayan daƙiƙa ɗaya ya sauko mita 4.9, bayan biyu mita 19.6, bayan uku mita 44.1. Nisan yana tafiya ne da lokaci a ninka shi da kansa: in lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. Galileo ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida, ya wallafa ta a 1638.

Muddin aka kawar da tirjiyar iska, nauyin abu ba ya shiga wannan lissafi. A 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott na tafiyar Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a kan Wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Wannan gaskiya, cewa komai yana faɗuwa da ƙaruwar gudu iri ɗaya, ita ce daga baya ta zama ginshiƙin fahimtar Einstein.

Tarago da bakin tasha

A ɗauka jirgin ƙasa yana tafiya a miƙaƙƙen layi da gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Wani fasinja ya ɗaga lemo kimanin mita 1.2 daga daɓen tarago, ya sake shi. Cikin rabin daƙiƙa lemon ya sauka daidai ƙarƙashin hannunsa. A idon fasinjan, lemon ya taso daga tsaye cik, ya gangaro a miƙe, kamar yadda zai yi a tsakar gida.

Mutumin da ke tsaye a bakin tasha yana hange ta taga zai ga wani abu daban. A wurinsa, tun lemon yana hannu yake gudun mita 20 a daƙiƙa, domin jirgin yana ɗauke da shi. Sakin hannu bai ƙwace masa wannan gudu ba, don babu abin da ya tura shi baya. Saboda haka yana faɗuwa yana kuma ci gaba, cikin rabin daƙiƙar nan ya yi gaba mita 10. Haɗuwar tafiyar gaba marar sauyi da gangarowa mai ƙaruwar gudu ita ke haifar da lanƙwasar da ake kira farabola. Shi ma taragon mita 10 ɗin ya ci a wannan lokaci, shi ya sa lemon ya tarar da ƙafar fasinjan a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma mai kallo na uku, wanda ke cikin wani jirgi a layin gefe yana wucewa da gudun mita 30 a daƙiƙa. Shi a wurinsa jirgin farko baya yake ja da mita 10 a daƙiƙa, don haka zai ga farabola mai karkata baya, lemon ya koma baya mita 5 kafin ya sauka. Ƙa'idar sauya mahanga mai sauƙi ce: a ɗauki gudun abu a wata mahanga, a cire gudun sabuwar mahangar, abin da ya rage shi ne gudunsa a sabuwar. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi sauran kusanci da "ainihin" hanyar lemon. Shi kansa mutumin bakin tasha ba a tsaye yake ba, domin duniya tana zagaya Rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Mai aunawa daga mahangar Rana zai ce lemon ya yi tafiyar kusan kilomita 15 cikin wannan rabin daƙiƙa.

Abin da ke sauyawa da abin da ba ya sauyawa

Kuskure ne a fahimci wannan bayani da cewa komai ya dogara ga mai kallo. Masu kallon nan sun saɓa a kan siffar hanya, da nisan da aka ci, da gudun lemon. Lokacin da ya taɓa daɓe, fasinja zai auna gudun mita 4.9 a daƙiƙa, na bakin tasha kuwa kimanin mita 20.6. Sun saɓa har a kan kuzarin motsi, tunda shi ma daga gudu ake lissafa shi.

Amma sun haɗu a kan abubuwa masu muhimmanci. Duk sun yarda faɗuwar ta ɗauki rabin daƙiƙa. Duk sun auna ƙaruwar gudu ta mita 9.8 zuwa ƙasa, kuma babu wanda ya ga wata ƙaruwa ta gefe. Duk sun yarda da wurin da lemon ya bugi daɓe. Sun kuma yarda da gudun da ke tsakanin lemon da abin da ya buga, wanda shi ne ke ƙayyade ɓarna. Lemon da ya faɗi a cikin tarago ya haɗu da daɓe a kan mita 4.9 a daƙiƙa, kowa ya auna. Wanda aka saki ta taga zuwa waje kuwa zai haɗu da ƙasa a kan fiye da mita 20, ya tarwatse. Dalilin ke nan da ya sa wanda ya diro daga mota tana gudu yake jin mummunan rauni ko da motar gajeriya ce: jikinsa yana ɗauke da gudun motar, ƙasar da ta tare shi kuwa ba ta ɗauke da shi.

Mahangar da ke tsaye, ko take tafiya a miƙe da gudu marar sauyi, ita ake kira natsattsiyar mahanga. A cikin duk irin waɗannan mahangu dokokin motsi iri ɗaya ne, kuma babu gwajin da za a yi a cikin rufaffen tarago da zai nuna ko yana tafiya ko yana tsaye. Wannan ita ce ƙa'idar dangantaka ta Galileo.

Gardamar da ta ɗauki ƙarnuka

Wannan ƙa'ida ta fito ne daga tsohuwar gardama a kan ko duniya tana juyawa. Aristotil ya kafa hujja da cewa abu mai nauyi da aka jefa sama yakan dawo inda ya tashi. Batlimus, masanin taurari na Iskandariyya a ƙarni na biyu, ya ce da duniya tana juyawa da an ga gizagizai da abubuwan da ke shawagi ana barin su baya wajen yamma. Hujjar tana da ƙarfi a ido, domin a layin ikwaita doron ƙasa yana gudun kimanin mita 465 a daƙiƙa zuwa gabas. In da dutse yana rasa wannan gudu da zarar an sake shi, to wanda ya yi daƙiƙa biyu yana faɗowa daga hasumiya zai sauka kusan kilomita guda yamma da gindinta.

An daɗe ana tababar wannan hujja. A ƙarni na 13, Nasiruddin Ɗusi na cibiyar duba taurari ta Maraga ya nuna cewa ba ta yanke hukunci, domin iska da abin da ke cikinta suna iya bin juyawar duniya, ko da yake shi kansa ya tsaya a kan cewa duniya ba ta motsi saboda wasu dalilai. A Faransa, Nicole Oresme ya kawo misalin jirgin ruwa a ƙarni na 14. Bayan Kofanikus ya wallafa littafinsa a 1543, inda ya sa duniya tana zagaya Rana, tambayar ta zama wadda dole a amsa.

A littafinsa na 1632, Galileo ya bayyana mutumin da ya rufe kansa a ɗakin cikin jirgin ruwa tare da ƙwari masu tashi, da kifaye a kwano, da kwalba mai ɗigar da ruwa cikin wani tulu mai ƙaramin baki. Muddin jirgin yana tafiya lami lafiya, ɗigon zai ci gaba da faɗawa cikin tulun kamar yadda yake yi jirgin yana tsaye. A 1640, Pierre Gassendi ya yi gwajin a zahiri a tekun Marsel: an saki dutse daga ƙololuwar dogon ginshiƙin tsakiyar jirgi yana cikin gudu, ya sauka a gindin ginshiƙin. Newton ya mayar da wannan doka a littafinsa na 1687: abu yana dawwama a tsaye, ko a kan tafiyarsa ta miƙe da gudu ɗaya, har sai wani ƙarfi ya sauya masa hali.

Rawar da iska ke takawa

Abin da ke rikitar da mutane da yawa shi ne takardar da aka jefar ta tagar mota, wadda ake gani ta yi baya nan take. Wannan aikin iska ne. A cikin rufaffen tarago iska tana tafiya tare da jirgi, don haka ba ta tura lemo ko'ina. A waje kuwa iska tana tare da ƙasa, sai ta tare abin da ya fito da gudu ta rage masa shi, kuma abu marar nauyi ya fi saurin miƙa wuya.

Haka lamarin yake ga jirgin sama mai sako kayan agaji. In yana tafiyar mita 60 a daƙiƙa a tsayin mita 490, buhun da aka saki zai yi daƙiƙa 10 kafin ya sauka, in aka ajiye tirjiyar iska gefe. Matuƙin zai ga buhun yana nitsewa a ƙarƙashinsa a miƙe. Na ƙasa za su ga ya zano doguwar farabola ya sauka mita 600 gaba da inda aka sake shi. Saboda haka dole a saki kaya kafin a iso kan wurin da ake nufi. A zahiri iska tana rage wannan nisa, buhun ya ɗan ja baya da jirgin, kuma masu wannan aiki suna sa hakan cikin lissafinsu.

Mahanga mai sauya gudu

Lamarin yana ɗaukar wani salo idan mahangar ita kanta tana ƙara gudu, ko tana ragewa, ko tana shan kwana. A koma cikin tarago, a ce direba ya taka birki daidai lokacin da aka saki lemon, gudun jirgi yana raguwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ga na bakin tasha babu abin da ya sauya game da lemon: farabolarsa tana nan, ya ci mita 10 ɗinsa. Taragon ne ya gaza, ya ci mita 9.75 kawai. Ga fasinja kuwa lemon ya sauka santimita 25 gaba da ƙafarsa, kuma hanyar da ya bi miƙaƙƙen layi ce a karkace, ta kauce wa tsaye da kimanin digiri 11 da rabi.

Fasinjan ya ga lemon ya ƙara gudu zuwa gaba alhali babu abin da ya taɓa shi. In yana so dokokin Newton su yi aiki a cikin taragonsa, sai ya ƙara wani ƙarfi a lissafi, wanda ke tura komai gaba. Irin wannan ƙarfi ba shi da wani abu da ya haifar da shi, kuma yana ɓacewa da zarar an koma natsattsiyar mahanga. Mahangar ce ta jawo shi. Alamarsa ita ce yana ba kowane abu ƙaruwar gudu iri ɗaya, mai nauyi da marar nauyi. A kwana ma haka ne: na ciki zai ga lemon ya kauce wajen bayan kwanar, na waje zai ga ya ci gaba a miƙe, jirgin ne ya juya ya bar shi.

A cikin lifta mai hawa bene, sauyin yana bayyana a tsaye. In tana ƙara gudu zuwa sama da mita 1, abin da aka saki a ciki zai faɗi da ƙaruwar mita 10.8. In tana ƙara gudu zuwa ƙasa da wannan adadi, zai faɗi da 8.8. Da zarar gudunta ya daidaita, ko sama take yi ko ƙasa, awon zai koma 9.8. Wannan ya nuna bambanci mai tushe: gudu marar sauyi ba ya barin wata alama a ciki, amma sauyin gudu yana bari.

Duniya mahanga ce mai juyawa

Tunda duniya tana juyawa, ba cikakkiyar natsattsiyar mahanga ba ce, kuma faɗuwar abu tana nuna hakan ga mai awo da kyau. Newton ya hango wannan a wata wasiƙa da ya rubuta wa Robert Hooke a 1679. Ƙololuwar hasumiya ta fi gindinta nisa daga tsakiyar duniya, don haka da'irar da take zagayawa a yini ta fi faɗi, gudunta zuwa gabas ya ɗan fi na gindin. Dutsen da aka saki daga sama yana riƙe da wannan rarar gudu, sai ya sauka ɗan gabas da inda igiyar awo ta nuna. Magabata sun zaci za a bar dutsen a yamma da nisa mai yawa, ashe gabas yake kaucewa da ɗan kaɗan.

A layin ikwaita, faɗuwar mita 100 tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 4.5, kaucewar kuwa kimanin santimita 2.2 ce. A Kano, wadda ke kusa da digiri 12 arewa da ikwaita, ba ta ragu sosai ba, kimanin santimita 2.1. Tana raguwa in aka nufi arewa ko kudu daga ikwaita, har ta ɓace a ƙuryoyin duniya biyu. Auna abu ƙarami haka yana da wuya, domin ɗan motsin iska ko girgizar hannu yana iya shafe shi. Giovanni Guglielmini ya gwada a hasumiyar Asinelli da ke Bolonya a farkon shekarun 1790. A 1831, Ferdinand Reich ya yi ta sakin ƙwallaye cikin ramin haƙar ma'adinai mai zurfin kimanin mita 158 kusa da Freiberg a Jamus, ya sami kaucewa zuwa gabas ta kimanin santimita 2.8, wadda ta yi daidai da lissafi.

Wanda ke aunawa daga doron ƙasa yana danganta wannan kaucewa ga ƙarfin Coriolis, wanda aka sa wa sunan Bafaranshen da ya fayyace lissafinsa a 1835. Shi ne ke karkatar da manyan iskoki da igiyoyin teku, kuma masu harba makamai masu cin dogon zango suna la'akari da shi. Juyawar duniya tana kuma rage ƙaruwar gudun faɗuwa a ikwaita. Wannan, haɗe da kumburin duniya a tsakiyarta, shi ya sa awon yake kimanin 9.78 a ikwaita, kimanin 9.83 a ƙuryoyi.

Mahangar da ke faɗuwa tare da abu

Saura mahanga ɗaya: wadda ke faɗuwa tare da abin da aka saki. In igiyar lifta ta tsinke, mutumin ciki ya saki lemo, zai ga lemon ya tsaya a gabansa, domin shi da lemon da akwatin duk suna gangarowa da ƙaruwar gudu ɗaya. Wannan shi ne halin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai shawagi kimanin kilomita 400 sama da ƙasa. Jan duniya a can bai ƙare ba, ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda ke doron ƙasa. Tashar faɗuwa take yi kullum, amma tana gudun gefe na kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, don haka yadda take gangarowa haka doron duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinta, sai ta zagayo cikin kimanin minti 90. Alƙalamin da ɗan sama jannati ya saki yana tsaye a idonsa, amma ga na ƙasa yana zagaya duniya da gudun kusan kilomita 28,000 a awa.

A 1907, Einstein yana aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya lura cewa mai faɗuwa ba ya jin nauyin jikinsa. Ya kuma juya tunanin: mutumin da ke cikin rufaffen akwati a can nesa da kowace duniya, ana jan akwatin da ƙaruwar gudu ta mita 9.8, zai ga abin da ya saki yana faɗuwa daidai kamar a gida. Jan duniya yana da alamar nan ta ƙarfin da mahanga ke jawowa, wato yana yi wa mai nauyi da marar nauyi daidai. Daga nan ya gina babbar ƙa'idar dangantaka, wadda ya kammala a 1915. A cikinta, mahangar da ke faɗuwa ita ce natsattsiya, mutumin da ke tsaye kuwa ƙasa ce take tura shi sama tana hana shi bin hanyarsa. Ana iya ganin alamar haka a na'urar auna sauyin gudu da ke cikin wayar hannu: tana nuna kimanin 9.8 in wayar tana ajiye a tebur, ta koma kusan sifili in wayar tana faɗuwa.

Wannan daidaito yana aiki ne a ƙaramin wuri da gajeren lokaci. Duwatsu biyu da aka saki nesa da juna kowanne tsakiyar duniya yake nufa, don haka suna matsowa kusa da juna a hankali, kuma babu sauyin mahangar da zai share wannan. Wata ƙa'idar Einstein ta 1905 ta kuma nuna cewa lokaci ma ba ɗaya ba ne ga mahangu masu gudu daban-daban. Amma a gudun jirgin ƙasa na mita 20 a daƙiƙa, sai an yi fiye da shekara miliyan 10 kafin agogon fasinja da na tasha su saɓa da daƙiƙa ɗaya, don haka lissafin Galileo da Newton ya wadatar a harkokin yau da kullum.

Zaɓen mahanga

Tunda kowace mahanga tana ba da amsa ɗaya a kan abin da ya faru, zaɓe ya rage ga wadda ta fi sauƙaƙa aiki. Injiniyan gini yana ɗaukar ƙasa a matsayin tsayayya, ya yi watsi da juyawar duniya, domin santimita biyu cikin mita ɗari ba su dame shi ba. Masanin yanayi ba zai iya yin haka ba, saboda iskar da yake bibiya tana cin dubban kilomitoci. Mai tsara tafiyar kumbo zuwa wata duniya yana aiki da mahangar Rana. Sharaɗin da ke kan kowa guda biyu ne: ya faɗi mahangar da yake aunawa daga gare ta, ya kuma bincika ko tana sauya gudu ko tana juyawa, domin in tana yi dole ya ƙara ƙarfin da ta jawo a lissafinsa. Yawancin kurakuran ɗalibai a wannan babi suna zuwa ne daga haɗa gudun da aka auna a wata mahanga da nisan da aka auna a wata.